Ƙaho a Kan Batirin Zuciya

Gwandu, Litinin 3 ga Yuli

Zuwa ga amaryata Halima Sadiya, malamar asibiti a Kalgo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Umar Faruk wanda ya ƙwace mini ke ina ji ina gani, da ɗan baƙon da kike ɗauke da shi. Ki gaishe da Innarki, an ce ta tare a wurinki sai kin sauka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, gero ya kusa gwiwa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Ranar da za a sallame ni likita ya ce kada in ƙara sa waya a aljihun gaba na hagu. Na ce abin da ba a so ya kusanci aljihu, me zai kai shi kunne? Na miƙa wa ɗiyata Hafsat, gwaggonki, na ce ko ƙararta ba na son ji a ɗakina. Na koma ga bokon da na koya a yaƙi da jahilci. Lukuman direba, mai zuwa Kalgo ta Birnin Kebbi, shi zai riƙa kawo miki.

Yau kwana goma sha biyu da sa mini batirin nan a ƙirji. Gaskiya jirin ya tafi. Tun ranar da na yanke jiki na faɗi a rumfa da aska a hannu, kan mutum rabi a aske, duniya ba ta sake juya mini ba. Bugun zuciyar da ake cewa ya sauka talatin da biyu, yanzu sittin ne cif. Amma an hana ni ɗaga hannun hagu, an hana ni jan guga. Ragon layya ma Tanko ya yanka mini, Tankon da na koya wa riƙon aska shekara arba'in da suka wuce.

Ga abin da ya sa na rubuto. Inda aka sa abin, ƙasa da kafaɗar hagu, ya kumbura. Da farko kamar ƙwan zabo, yau ya kai na agwagwa. Ya yi baƙi-baƙi, yana ɗaure mini fata, amma ba zafi sosai, ba zazzaɓi. Na taɓa shi da yatsu biyu yadda nake taɓa na mutane. Ina da abin da nake zato, sai dai ina so in ji daga bakin mai takardar shaida.

Ki gaya mini kwana nawa zai ɗauka. Ni na yi wa ubanki askin suna, ni na yi miki, kina tsala ihu har liman ya rasa inda ya tsaya a addu'a. Kuma na yi wa kakarki alkawari, ƙanwata, Allah Ya ji ƙanta, cewa ɗanki na fari ba mai sa masa aska sai ni. Da hagu ake tallabe kan jariri, ni kuwa hagun ce aka ɗaure mini.

Angonki na fari,
Haliru Wanzami

Kalgo, Laraba 5 ga Yuli

Kaka,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a wurin aiki. Abokiyar aikina Dibora ta ga ina dariya ni kaɗai, ta ce ko daga miji ne, na ce daga wanda ya riga miji. Muna lafiya. Inna tana gaishe ka, Umar ya ce in kana da ƙara ka kai gaban alƙali, shi dai ba ya saki. Ƙafafuna sun kumbura har takalmin aiki ya ƙi shiga, da silifas nake zuwa. Ɗan naka kuwa ba ya barina in zauna wuri guda.

Maganar waya, ka yi wa likita ƙari. Aljihun hagu kawai ya hana. In ka kara ta a kunnen dama ba abin da za ta yi maka. Amma na san halinka, in ka kafe ko shanun huɗa ba sa jan ka. Ci gaba da rubutun, ni daɗinsa nake ji.

Kumburin nan jini ne ya taru ya kwanta a ƙarƙashin fata, cikin ɗan aljihun da suka yi wa batirin. Yakan faru da tsofaffi, musamman masu shan maganin tsinka jini irin naka. E, na ce tsofaffi, ka kai ni ƙara ni ma. Tunda ba zazzaɓi, ba ruwa, kada ka damu. Jiki zai shanye shi da kansa, mako uku ko huɗu, wani lokaci har shida. In ya ƙara girma ko ya yi zafi, Gwaggo Hafsat ta kira ni nan take. Ranar ashirin ga wata ka koma wurin likita, ban da cewa ruwan sama ya hana.

Da na zo na duba da idona, amma ka san ɓari biyu na yi kafin wannan. Likita ta hana ni hawa mota ko zuwa nan Diggi, balle Gwandu. An ce farkon Agusta. Wani lokaci ina tsaye ina ba marasa lafiya magani sai in ji ya yi shiru a ciki, gabana ya faɗi, in kasa ƙirga ƙwayar da ke hannuna har sai ya motsa. Ba na gaya wa Umar. Ka sa ni a addu'a, ka kuma wasa askarka.

Amaryarka,
Sadiya

Gwandu, Juma'a 7 ga Yuli

Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar ta sauka. Ki ce Innarki ta riƙa ɗora miki ita a kan matashi. Addu'a kuwa ba na sallame salla ban ambace ku ba, ke da shi.

Na ji daɗin takardarki ƙwarai. Abin da yatsuna suka gaya mini, shi karatunki ya faɗa: jini ne ya kwanta. Ashe ba mu da nisa, mu da ku. Inda muka rabu wurin jira ne. Kin ce har mako shida. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, ya zarce ranar suna.

Shekara hamsin da biyar ina wannan sana'a, ban taɓa ganin mataccen jini ya tashi ya tafi da ƙafarsa ba. Akwai maginin da katanga ta faɗo wa a kafaɗa, akwai wanda sa ya tunkuya a cinya a kasuwa. Dukansu da kumburi irin wannan suka zo, ƙaho biyu na kafa musu, bayan kwana uku suna gona. A ce ni da na sauke wa rabin garin nan jini, in zauna ina kallon nawa yana mini gwalo?

Matsalar ɗaya ce, mutum ba ya iya tsotsar ƙaho a ƙirjinsa. Shi ya sa na aika aka kira Tanko. Ya duba, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Maigida, wanga ba irin wanda munka saba ba na. Akwai ƙarhen Turawa ciki."

Na ce, "Ƙarhen anka ce ka tsotsa ko jinin? Tsaga ukku sama-sama, ba ka kai ga ƙarhe."

Ya ce a tambayi likita. Na ce an tambaya, ga takarda daga Kalgo, na karanta masa inda kika ce jini ne. Daga nan ya amince.

Mun sa Alhamis mai zuwa da hantsi, in rana ta ɗaga jiki ya saki. Na ba da tazara don girmanki. In kina da ja, ki rubuto kafin nan. In na ji shiru, na san kin yarda.

Haliru

Kalgo, Juma'a 14 ga Yuli

Kaka,

Sallama da gaisuwa, ka yafe mini gajartarsu. Yanzun nan Lukuman ya miƙo mini takardarka ta makon jiya. Motarsa ta yi kwana shida a gareji, takardar tana cikin akwatin gaba. Ya ce bai san da gaggawa ba. Alhamis ɗin da ka faɗa jiya ce.

Shiruna ba yarda ba ne. Ban yarda ba, ban yarda ba. In Allah Ya sa wani abu ya hana ku jiya, kada aska ta kusanci wurin nan, kada ƙaho, kada ko tsinke.

Ka saurare ni. Magini da wanda sa ya tunkuya nama ne kawai a ƙarƙashin kumburinsu, nama kuwa yana faɗa da cuta da kansa. Kai ƙarfe ne a ƙarƙashin naka. In ƙwayar cuta ta shiga ta liƙe a jikin ƙarfe, jini ba ya wanke ta, magani ba ya cin ta. Kuma wayoyi biyu ne suka tashi daga batirin suka bi jijiya har cikin zuciyarka. Duk abin da ya shiga aljihun nan ya sami hanya miƙaƙƙiya. Mu kanmu a asibiti ba ma tsira wa irin wannan kumburi allura, komai tsabtarta, balle ƙahon da ake tsotsa da baki.

Laifina ne. Na tsaya wasan jika da kaka, na manta da wanda nake magana. Kowa na gaya wa jini ne ya kwanta zai je ya kwanta shi ma. Kai kaɗai ne a duniya za ka ji haka ka nemi zabirarka. Kalma uku ce, kada a taɓa, ban rubuta ba.

Na kira Gwaggo Hafsat sau tara. Da ta ɗauka ta ce, "Lahiya lau, shina kwance." Na ce an yi ko ba a yi ba? Ta ce, "Sadiya, don Allah ki tambaye shi da kanki," ta kashe. Na san wannan muryar, ka hana ta magana ne.

In an riga an yi, kada ku jira ranar ashirin. Ku tafi asibitin da aka yi aikin yau, ka gaya musu gaskiya. Dibora za ta kai wannan tasha ta ba motar farko. Tun ɗazu nake zagaye ɗakin magani na kasa zama.

Sadiya

Gwandu, Talata 18 ga Yuli

Amarya,

Assalamu alaikum. Ki kwantar da hankalinki, mai ciki ba ta zagaye ɗaki. Muna lafiya, an fara maimai a gona.

An yi, kuma an dace. Da kin ga abin da ya fito da kin sara mini. Baƙi ƙirin, guda-guda, ya kusa rabin ƙaramin kwano. Kafin azahar kumburin ya saɓe, fatar ta saki, na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa. Ranar Asabar na gwada tallabar ƙwarya da hagu, na riƙe ta tsawon karanta Fatiha uku. Kan jariri bai kai ta nauyi ba.

Abu ɗaya ya sosa mini rai a takardarki, inda kika ce ƙahon da ake tsotsa da baki. Ban zaci zan ji wannan daga jinina ba. Ƙahon nan na ubana ne, kakan kakarki ya bar masa. Da shi aka ci aka sha a gidan da aka haifi ubanki. Tanko ya dafa shi a tafasasshen ruwa a gabana, reza kuma sabuwa fil ya ɓare daga takarda. Mu ma mun san zamani.

Saura kaɗan ne. Tsaga biyu sun kame, ta ukun ce ta ƙi rufewa, tana ɗan tsattsafo da ruwa. Wurin da ɗumi. Da la'asar sanyi yakan kama ni har in nemi bargo, amma wa damina ta bari? Rabin unguwa suna kwance da zazzaɓin sauro. Jiya na duba a madubin aski, na hango wani abu yana ƙyalli can cikin tsagar, kamar gefen cokali. Ashe ma ba su sa shi da zurfi ba.

Jibi ba zan je ba. Likitan nan sa'an jikana ne, ba zan zauna ya yi mini faɗa a gaban jama'a ba. In ta rufe na je, ba zai ma gane an yi wani abu ba.

Haliru

Kalgo, Laraba 19 ga Yuli

Kaka,

Assalamu alaikum. Wanda ya miƙa maka takardar nan Umar ne. Ya ɗauki izini a wurin aiki, ya aro mota, tana ƙofar gida.

Abin da ka hango yana ƙyalli batirin ne da kansa. Bai kamata ido ya gan shi ba har abada. Sanyin la'asar kuma ba sauro ba ne, cutar ce ta fara shiga jininka.

Ban ce ƙahonka da datti ba. Da shi aka ciyar da ubana, na sani, kuma ban taɓa jin kunyar cewa ni jikar wanzamai ce ba, ko a makarantar koyon jinya da ake tsokanata. Na ce ba a yi shi don wannan ba. Ubanka bai taɓa ganin mutum da waya a zuciya ba. Da ya gani, da shi zai fara riƙe hannun Tanko.

Likita zai yi faɗa, ka sha faɗan. Kai ma ka yi wa manya faɗa suna sunkuye a gabanka.

Yanzu ka ji da kyau, don ba wasa a wannan. In Umar ya dawo ya ce ka ƙi shiga mota, gobe da safe zan tafi tasha in hau ta haya da cikin nan, in biyo duk ramukan hanyar har Gwandu. Abin da ya same shi a hanya, kai ka san yadda za ka yi da alkawarin da ka yi wa ƙanwarka. Ka san jinin wa ke jikina, in na faɗa ina yi.

Ka ɗauki katin asibiti da sauran maganin. Gwaggo Hafsat ta bi ku.

Sadiya

Sakkwato, Lahadi 6 ga Agusta

Sadiya,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah Ya raya, Ya sa mai jin ƙanku ne. Hafsat ce ke rubutawa, ni nake faɗa, don an sa mini allurar ruwa a hannun dama.

Ranar Alhamis da Umar ya kira, Hafsat ta kara mini wayar a kunne, na dama, kamar yadda kika ce. Na ji kukansa. Muryarki ce sak, liman ya shiga uku. Na juya fuska bango don kada masu jinya su ga tsoho yana hawaye.

Ba sai na ba ki labari ba, kin fi ni sanin abin da aka yi. Sun ciro batirin, sun zare wayoyin duka biyu. Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni kawai, Baba, wa ya tsaga ka? Na ce ni na sa. Yanzu wata waya ce ta shiga ta wuyana, tana haɗe da ɗan akwati a gefen gado, shi ke riƙe da bugun. Inda akwatin yake, nan nake. Sun ce sai jini ya wanke tas za a sa sabon batir, kuma a dama, don hagun ta ɓaci. Na yi gaggawar kwance hannu ɗaya, ga shi na ɗaure biyu.

Suna Alhamis ne, ba zan zo ba. Na faɗa da bakina don kada wani ya faɗa mini.

Tanko zai kawo miki wannan takarda tare da zabirata. Hafsat ta ce kin rantse ba zai taka gidanki ba. Ki yi kaffara, ki bar shi ya shiga. Sau uku ya ce a'a. Ni na koya masa cewa ba a musu da maigida, kuma ya koya da kyau. Tun ranar da aka kawo ni bai buɗe rumfarsa ba. In ba hannuna ba, hannun da na gyara shi ya fi kusa, kuma askata ce zai riƙe. Ki yafe masa. Ni kuma in kin ga dama.

Kakanki,
Haliru

Sadiya, ni ce Hafsat, bai san na ƙara wannan ba. Ya rame fiye da yadda muryarsa ke nunawa. Zazzaɓin yana sauka ya dawo, likita ya ce mu yi ta addu'a, kwana goman nan su ne abin ji. Ranar da aka yi abin ni na riƙe kwanon. Da na gaya miki a waya tun ranar Juma'ar da kika kira, da an ci kwana biyar. Ban iya tsallake maganarsa ba, ban taɓa iyawa ba.

Kalgo, Juma'a 11 ga Agusta

Kaka,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni da yaro lafiya lau, yana tsotso kamar wanda aka yi wa rowa wata tara. An raɗa masa Muzzammil. Ka gaya wa Gwaggo Hafsat ba ita kaɗai ta riƙe kwanon nan ba, ni ma da hannuna a ciki.

Tanko ya iso ranar Laraba da la'asar. Ya zauna a dakalin ƙofar gida da zabirarka a cinya, aka kai masa abinci ya dawo yadda aka kai. Ban fita ba, ban aika da gaisuwa ba. Na karanta takardarka sau uku, ina jin haushinka, ina jin haushinsa, ina jin nawa ya fi.

Jiya da safe bayan an shafa fatiha na ce a shigo da shi. Ni na dafa askar da kaina, na goge ta da maganin asibiti, na tsaya a kansa. Bai ɗago ya dube ni ba. Da Inna ta miƙa masa yaron, har na yunƙura zan karɓe. Amma yana tallabe kan da hagu na fasa. Zamansa irin naka, yadda yake jiƙa gashin da yatsu biyu irin naka, har ɗan tsakin da kake yi wa jariri in ya motsa. Na koma na zauna a bakin gado.

Ya aske gaba, ya aske gefe da gefe, ya aske ƙeya. Da ya zo tsakiyar kai sai ya goge askar ya naɗe ta. Ya bar ɗan tukku, bai fi faɗin babban yatsa ba.

Umar ya ce, "Malam Tanko, ka bar saura."

Ya ce, "Ban mance ba. Wanga na Maigida na. Ni aike anka yo ni, ba ni gama aikin da ba nawa ba."

Wani kawun Umar ya ce a addini an fi so a aske duka, kuma gaskiya ya faɗa. Umar ya dube ni. Na ce za a aske duka, mai askin ne bai iso ba tukuna. Daga nan na shiga na dama fura na kawo wa Tanko da hannuna, ya shanye.

Ƙahon na gan shi a ƙasan zabira, naɗe a tsumma. Na cire shi na sa a akwatina, in kana so ka zo ka yi ƙara. Askar kuwa na mayar wa Tanko ya kawo maka, ka sa ta ƙarƙashin matashi inda za ka riƙa jin ta.

Na yafe, tun kafin ka tambaya. Amma ban sallame ka ba. Ka sha maganinka, ka ci abin da Gwaggo ta ba ka, ka bar wa likitoci ƙirjinka su yi aikinsu. In sun sa a dama, ka jira mako shidan cif, ni zan ƙirga wannan karon. Gashin jariri yana saurin tsawo, Kaka, yau da safe ma na ga tukkun ya miƙe tsaye. Ba wanda zai taɓa shi sai ka zo.

Amaryarka,
Sadiya